Kuskure ko maguɗi? Yadda ake hukunci a gasar katunan tarawa

Tambaya: Na daɗe ina buga Magic: The Gathering da Pokémon tsakanin abokai, yanzu kuma zan shiga gasa ta farko mai alƙalai da kyauta. Tsorona shi ne in yi kuskure a ce maguɗi na yi, a kore ni. Ina iyakar take, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Kwantar da hankalinka, kuskure shi kaɗai ba ya sa a kori kowa. A dokokin gasar Magic, waɗanda kamfanin Wizards of the Coast ke fitarwa, sai abu biyu sun haɗu kafin a ce mutum ya yi maguɗi: yana neman riba da abin da ya yi, kuma ya san abin haramun ne. In ɗaya daga ciki ya faɗi, kuskure ne, hukuncinsa daban. Sai dai akwai rami a nan da sababbin 'yan wasa ke yawan faɗawa. Wanda ya lura an karya doka a teburinsa, ya yi gum don shirun zai amfane shi, shi ma maguɗi ya yi. Haka wanda ya yi wa alƙali ƙarya.

Ga misali. Ka miƙa hannu za ka ja kati ɗaya, sai biyu suka manne suka shiga hannunka. In ka tsaya ka kira alƙali, gargaɗi za ka samu, a gyara, wasa ya ci gaba. In ka gani ka share, kati ɗin nan dai shi ne zai sa a tattara ka a fitar daga gasa. Abin da ya raba su shi ne abin da ka yi a cikin daƙiƙu biyar bayan ka gani. Kusan duk sauran bayanin da zan yi, a kan wannan yake tsaye.

Ka fara sanin irin gasar da za ka shiga, domin tsananin doka hawa-hawa ne. A Magic hawa uku ne: na yau da kullum, inda koyarwa aka sa gaba kuma da wuya a yi hukunci mai nauyi, sai na gasa sosai, sai na ƙwararru. Daga hawa na biyu ake rubuta hukunci, kuma tsaninsa huɗu ne: gargaɗi, rasa wasa ɗaya, rasa karawa dungurungum, sai kora. Karawa ita ce wasanni har uku, wanda ya fara cin biyu ya yi nasara, don haka rasa wasa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Gargaɗi kuwa taruwa yake yi. Kuskuren wasa iri ɗaya in ya kai na uku sai ya koma rasa wasa, kuskuren tsarin gasa kuma, kamar jan ƙafa ko rashin cakuɗa kati da kyau, a karo na biyu yake hawa. A Pokémon akwai wani hukunci na tsakiya da Magic ba ta da shi: ana rage wa abokin karawarka katunan lada biyu daga cikin shida da zai kwashe kafin ya ci wasa. Alƙalan Yu-Gi-Oh!, wani wasan katunan tarawa, su kuma tambayar da suke fara yi ita ce ko teburin zai gyaru, ko ya lalace har ba ya gyaruwa, ko kuwa an yi nisa har sai dai a karɓe shi a yadda yake.

Hukunci mafi ciwo sau da yawa tun kafin a taɓa kati ake janyo shi, a kan takarda. A gasa mai tsanani za ka miƙa jerin katunan daminka, wato tarin katunan da za ka yi wasa da su, a rubuce, kuma abin da ka rubuta shi ne doka a kanka. Damin Magic ba ya gaza 60, da katunan canji na ajiya a gefe da ba su wuce 15 ba, kuma kati mai suna ɗaya ba ya wuce huɗu in ban da katunan ƙasa na asali, wato masu ba da ƙarfin da ake taka sauran katuna da shi. Na Pokémon 60 ne cif, ba ƙari ba ragi, huɗu-huɗu in ban da katunan kuzari na asali. Na Yu-Gi-Oh! daga 40 zuwa 60, uku-uku, ga kuma jerin katunan da Konami, kamfanin da ke yin wasan, ta haramta ko ta taƙaita, wanda yake canzawa lokaci zuwa lokaci. Inda ake kuskure sananne ne: mutum ya rubuta 59 don ya manta layi ɗaya, ko ya gajarta sunan kati alhali akwai katuna biyu da suka fara da wannan sunan, ko ya sauya kati biyu da safe bai gyara takarda ba. A Magic hukuncin wannan rasa wasa ne. Rubuta cikakken suna, ka shimfiɗa damin a kan tebur, ka bi takardar kati bayan kati, sannan ka haɗa lissafi. Bayan kowace karawa kuma ka mayar da katunan canji wurinsu kafin ka tashi daga kujera, domin wasan farko na kowace karawa da damin asali ake fara shi. Alƙalai na bin teburori suna karɓar dami don bincike, burinsu aƙalla kashi goma cikin ɗari na damman gasar. In aka zo kanku ba zargi ba ne, kuma za a mayar muku da lokacin da binciken ya ci, da ƙarin minti uku na sake cakuɗawa.

Sai rigunan leda da ake sa wa kati. Doka ɗaya ce: kada a iya bambanta kati da ɗan'uwansa ta baya ko ta gefe. Riga mai lanƙwasasshen kusurwa, ko mai zanen farce, ko wadda ta fi sauran haske don sabuwa ce, duk alama ce ko da ba ka nufa ba. Katuna masu ƙyalli suna lanƙwashewa idan suka sha danshi, har hannu ya riƙa tsayawa a kansu wajen yanka dami. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ko alamar tana da tsari. Riguna biyar da suka tsufa a warwatse, gargaɗi ne da umarnin a canja. Riguna huɗu da suka tsufa, kuma dukkansu katinka mafi ƙarfi ne a ciki, wannan magana ce daban, kuma bincike zai biyo baya. A Afrilun 2019, a babbar gasar Magic da aka yi a Landan, an kori Yuuya Watanabe, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Japan, bayan an ga alamu a rigunan wasu keɓantattun katunan ƙasa na daminsa. Ya musanta cewa shi ya yi su, amma an dakatar da shi wata 30, aka kuma cire sunansa daga jerin gwarazan wasan. Dabarar kare kai mai sauƙi ce: ka cakuɗa katunan kafin ka sa musu riga, ka cakuɗa rigunan su ma, yadda ko da wasu sun zo da aibi daga masana'anta ba za su taru a kan kati iri ɗaya ba. Ka riƙe rarar riguna masu launi ɗaya a aljihu.

Cakuɗa kati ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne gaskiya da rashinta suka fi ɓuya. Abin da doka ke nema shi ne bayan ka gama, babu wanda ya san inda wani kati yake, har kai. Rarraba kati tsibi-tsibi a kan tebur, shida ko bakwai, ba cakuɗawa ba ce. Wanda ya san jerin katunan kafin rabawa zai iya lissafa jerinsu bayanta, don babu sa'a a ciki ko kaɗan. Shi ya sa a Magic aka yarda da ita sau ɗaya kawai a farkon wasa, don ƙirga dami. Cakuɗawa ta gaske ita ce a raba dami biyu a cusa rabi cikin rabi, a maimaita. A 1992 masana lissafi biyu, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna cewa karta mai 52 tana buƙatar irin wannan cusawa kusan sau bakwai kafin ta gauraya sosai. Dami mai 60 ba zai buƙaci ƙasa da haka ba, don haka bakwai ko takwas shi ne mafi ƙanƙanta.

Akwai wata al'ada da mutane ke kawowa daga wasan gida, wato jera dami da hannu, katin ƙasa ɗaya, sauran katuna biyu, haka har ƙarshe, wai don kada katunan ƙasa su cunkushe wuri ɗaya. Mai yin haka yana tsakanin abu biyu, kuma babu mai kyau a ciki. In ya cakuɗa da kyau bayan jerawar, ya ɓata lokaci a banza don jerin ya rushe. In jerin ya yi masa amfani, to bai cakuɗa da kyau ba ke nan, kuma ya shirya dami. Dami da ya gauraya da gaske yakan zo da cunkoso wani lokaci, haka sa'a take. A daina wannan al'ada gaba ɗaya.

Bayan ka gama sai ka miƙa wa abokin karawa daminka, shi ma ya miƙo nasa, kuma a gasa mai tsanani wajibi ne ka cakuɗa nasa, ba yanka kawai ba. Riƙe shi fuskar katunan na kallon ƙasa, ka kau da ido gefe. Ka kuma lura da hannunsa lokacin da yake riƙe da naka. Maguɗin da kyamara ta sha kamawa a manyan gasa shi ne mutum ya karkata damin abokin karawa ya leƙa katin da ke can ƙarƙashin damin, ya turo marar amfani sama da babban yatsa, sannan ya ci gaba da cakuɗawar da ba ta taɓa saman damin. In ka ga idonsa na sauka kan katunanka, kana iya kiran alƙali ka roƙe shi ya cakuɗa da kansa.

Kurakuran cikin wasa kowanne da maganinsa, kuma ba aikinka ba ne ka yi maganin. Wannan ne ya fi wa mutanen kirki wuya, don hannu yakan yi saurin mayar da kati inda ya fito. Bari. In ƙarin kati ya shiga hannunka a Magic, abokin karawarka ba shi da hanyar sanin wanne ne ƙarin, saboda haka maganin shi ne ka buɗe masa hannun, shi ya zaɓi wanda za a mayar cikin dami a cakuɗa. In ka mayar da kanka, ka lalata hujjar da alƙali zai yi aiki da ita. In kuma an taka kati ba bisa ƙa'ida ba, alƙali zai duba ko za a iya komawa baya ba tare da ɓarna ta fi gyara yawa ba. Juyi ɗaya da ya wuce, mai yiwuwa ne. Juyi uku, an ja katuna, an yanke shawarwari bisa abin da aka gani, galibi sai a bar tebur yadda yake. Wanda ya yi kuskuren ya samu gargaɗi, kai da ka zauna kana kallo ba ka lura ba kai ma a rubuta maka naka, mai sauƙi wanda ba ya hawa, domin kula da tebur nauyin ku biyu ne.

Togiya ɗaya ce a Magic, kuma ya kamata ka san ta. Katuna da yawa suna da tasirin da ke tashi da kansa, misali "a farkon juyinka, ja kati". Tuna wannan nauyin mai katin ne. In abokin karawarka ya manta nasa, doka ba ta tilasta maka ka tuna masa ba, kuma shirunka ba maguɗi ba ne. Amma in naka ne, mai cutar da kai, ka yi kamar ka manta, wannan maguɗi ne tsantsa.

Magana a tebur ita ma da ƙa'idarta. Abin da ke ɓoye a hannunka naka ne, kana iya yin burga a kansa, ka nuna kamar kana riƙe da abin da ba ka da shi, babu laifi. Abin da ke fili kuwa, kamar yawan ran da ya rage maka, sunan katin da ke kan tebur, ko an riga an yi amfani da shi a wannan juyin, dole ka faɗi gaskiya cikakkiya. A tsakiya akwai abin da mutum zai iya lissafawa da kansa, kamar jimillar ƙarfin wani kati bayan ƙare-ƙare. A gasa mai tsanani ba dole ne ka yi masa lissafin ba, amma in ka buɗe baki ba ka da ikon faɗin ƙarya.

Tsakanin halal da kyautatawa akwai fili, kuma wasu a nan suke kiwo. A wata gasa a Amurka a 2016, wani ɗan wasa ya sauke katin Pithing Needle, wanda ke buƙatar a ambaci sunan katin da za a toshe. Ya ce "Borborygmos", yana nufin Borborygmos Enraged da ke cikin damin abokin karawarsa, alhali akwai wani tsohon kati mai wancan gajeren sunan daidai. Kowa ya san abin da yake nufi, amma aka yi hukunci da lafazinsa, toshewar ta tashi a banza. A lokacin doka ta ba abokin karawar gaskiya. Daga baya aka gyara ta, yanzu duk wanda ya ga suna na da harshen damo wajibi ne ya nemi a fayyace. A ganina gyaran ya yi daidai, domin gasar ta auna iya wasa ce, ba ta kama bakin mutum ba. Duk da haka ka riƙa faɗin abin da kake yi a fili: sunan kati, abin da ka nufa da shi, da matakin juyin da kake ciki.

Lokaci. Zagayen Magic minti 50 ne. In aka kira lokaci ana cikin wasa, sai a ƙarasa juyin da ake ciki, a ƙara juyi biyar tsakanin ku biyu, in ba wanda ya ci wasan ya tashi canjaras. Wanda ke gaba da wasa ɗaya yana da riba in agogo ya ƙare, shi ya sa ake sa ido. Yin jinkiri ba da niyya ba gargaɗi ne, kuma ba sai ana dab da tashi ba, ko a minti na biyar ana iya ba ka shi. Jan ƙafa da gangan don cinye lokaci, kamar ƙirga katunan da aka zubar sau uku ko karanta katin da ka haddace, hukuncinsa kora. In abokin karawarka na jinkiri, kada ka jira saura minti biyar. Kira alƙali da wuri ka ce a zo a kalli saurin wasan, wannan roƙo ne na yau da kullum. Makara kuma, a gasa mai tsanani rasa wasa ce, in ta kai minti goma ta zama rasa karawa.

Inda mutanen da ba su da mugun nufi suka fi ƙonewa shi ne zagayen ƙarshe. Ana amfani da tsarin Suwizalan, wanda aka aro daga gasar dara ta Turawa: ba a fitar da kowa, mai nasara na haɗuwa da mai nasara, ci maki 3, canjaras 1, faɗuwa babu. Mutum 33 zuwa 64 zagaye shida ne, sannan takwas na sama su shiga sili-ɗaya-ƙwale. Ɗauki mutum 64. Bayan zagaye huɗu, mutum huɗu ne ba su faɗi ba. In suka yarda da canjaras sau biyu ba tare da sun buga ba, kowanne ya tashi da maki 14 kuma ya shige. Magic da Pokémon sun halatta wannan, Yu-Gi-Oh! ta hana. Sallamawa ita ma halal ce a Magic, kana iya miƙa wuya duk lokacin da ka so. Abin da aka haramta shi ne a haɗa sakamako da wani abu. "Ka sallama mini in ba ka rabin kyautar" cin hanci ne. "Mu jefa kwabo, wanda ya faɗi ya sallama" yanke sakamako ne ta hanyar da ba wasa ba, haka ma buɗe saman dami don a ga wa zai ci da an ci gaba. Hukuncin waɗannan rasa karawa ne ga wanda bai san haramun ba ne, kora ga wanda ya sani. In aka yi maka irin wannan tayi, kada ka amsa, kada ka yi ciniki, ɗaga hannu. In kuna son raba kyauta, ku kira alƙali gefe ku tambaye shi yadda za ku faɗe ta kafin kowa ya furta komai.

Taimakon waje gajere ne. Daga lokacin da ka zauna, ba shawara daga kowa, ba duba waya don neman dabarun wasa, ba karanta bayanan da ka rubuto daga gida ana cikin wasa. Takardar rubutunka fara za ta fara. A Magic an yarda ka duba gajeren bayanin canjin katuna tsakanin wasa da wasa kawai. In kai ne ɗan kallo, bakinka alekum. Ka ga kuskure, ce musu su dakata, ka kira alƙali, kada ka faɗi mene ne kuskuren. A matakin ƙwararru ko dakatarwar ba taka ba ce, alƙalin kawai za ka nemo.

Kiran alƙali kuwa haka ake yi: ka daina taɓa kati, ka ɗaga hannu sama, ka kira da ƙarfi, ka bar hannun a sama har ya iso. Faɗi abin da ya faru bi da bi, har da naka laifin, ka bar ɗayan ya faɗi nasa ba katsalandan. In tambayar za ta tona abin da ke hannunka, ko kana zargin maguɗi, nemi ku matsa gefe. Kada ka tuhumi mutum a fuskarsa, faɗi abin da idonka ya gani kawai. In hukuncin bai gamsar da kai ba, bari ya gama magana sannan ka ce kana ɗaukaka ƙara zuwa babban alƙali, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a wannan gasar. Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba. In tsayawar ta wuce minti ɗaya, tabbatar an rubuta muku ƙarin lokaci. Idan abin ya kai ga kora, babban alƙali ne kaɗai ke yanke ta, kuma ba ya buƙatar hujjar da ta kai ta kotu, ya isa ya gamsu da abin da ya gani ya ji. Za a ba wanda aka kora dama ya rubuta nasa bayanin, a tura tare da rahoton alƙalai zuwa ga kamfanin wasan, can ne ake yanke ko abin ya tsaya a wannan gasar ko a ƙara masa dakatarwa ta watanni ko shekaru.